Mai Tulu Marar Fuska

Dalilin da ya sa mace ɗaya ba ta da fuska a ɗakin ibadar nan na farin dutse, Lantana, shi zan ba ki, tunda ke ba kya barin abu ya wuce sai kin ji mafarinsa. Kin tuna hoton da ke jikin bangon asibiti a Indiya, mai ginshiƙai rututu kamar kurmi? Kika ce in an sallame ki can zan kai ki. Ni kaɗai na je, ƙanwata, ana jibi zan taso gida.

Wurin na mabiya addinin Jain ne, mutanen da ko sauro ba sa kashewa. A bakin ƙofa ake barin takalmi da duk wani abu na fata. Ginshiƙan kuwa an sassaƙe su tun daga ƙasa har sama, ga furanni, ga giwaye, ga makaɗa da masu rawa, ba biyun da suka yi kama. Can gefen gabas akwai wani mai mace ɗauke da tulu. Har farcen yatsunta an fitar, mayafinta kamar iska za ta ɗaga shi. Amma wurin fuskar sumul yake, ba ido ba baki, kuma jaja-jaja ne alhali dutsen fari fat. Wani tsoho mai gadin wurin ya ba ni labarin, direban da ya kai ni yana fassara mini. Ga yadda aka yi.

A can da, lokacin da ake ginin, an tara masassaƙa dutse daga garuruwa da yawa, aka ba kowa ginshiƙinsa. Masassaƙan ba 'yan Jain ba ne, saboda haka kafin su taɓa dutse sai da aka karɓi alkawari a bakinsu, cewa ba wanda zai kashe mai rai a cikin harabar, ko da kiyashi ne. Aka kuma faɗa musu ranar buɗe ɗakin tana ƙarshen damina, kuma daga ranar ƙarfe ba zai sake taɓa dutse ba har abada.

A cikinsu akwai wani matashin magidanci, sunansa Kimji. Hannunsa na da kyau, bakinsa ba ya da yawan magana. Matarsa Kesar ita ke kawo masa abinci da ruwa kullum da tsakar rana, ta tsaya a gindin tsani da tulu a ka, ta karkata ƙugu, tana yi masa tsiya wai matan dutse sun fi ta samun kallo. Farkon damina Kesar ta rasu. Kimji ya yi kwana goma sha uku a gida, ya dawo bakin aiki. Ya goge zanen mai rawar da ya yi niyya, ya fara fitar da mace mai tulu.

To, al'adar masu wannan sana'a ita ce fuska ake bari ƙarshe. Suna cewa wanda ya fara da fuska, dutsen zai tsare shi da ido har hannunsa ya yi rawa. Sai Kimji ya fara daga ƙafa. Ya yi mundaye, ya yi naɗin zane, ya yi karkatar ƙugun nan, ya yi tulu da gammonsa. Duk wanda ya san Kesar in ya zo wucewa sai ya sunkuyar da kai. Fuskar kuwa tana nan cikin kansa, garau, har ɗan wushiryarta da girar hagu da ta fi ta dama tashi.

Ranar da zai fara fuskar ya zo da sassafe, ya hau tsani. Me zai gani? Zanzaro ta ɗebo jar laka daga bakin rafi ta gina ɗakinta daidai inda hanci zai fito. Ɗaki biyu har ta liƙe bakinsu, tana kan na uku. Kimji ya yi tsaki, ya ɗaga ƙarfensa zai kankare.

Sai ya ji an bugi tsanin da tsintsiya.

Wata tsohuwa ce, Iya Hulasi, 'yar Jain, wadda ke share harabar kowace safiya da tsintsiyar zare mai laushi, don kada masu aiki su taka ƙwari. Gajeriya ce, bakinta ya fi tsintsiyarta kaifi, masassaƙan duk suna shakkarta. Ta ce ya sauke ƙarfen nan, akwai 'ya'ya a ciki. Ya ce laka ce kawai. Ta ce shi ma laka ne kawai kafin uwarsa ta sha wahalarsa, kuma ta tuna masa alkawarin da ya ɗauka da bakinsa.

Kimji ya nuna mata zanzaron, ga ta nan tafe da koriyar tsutsa a baki za ta cusa a ɗaki.

"Iya, dubi wadda kike karewa. Mafarauciya ce fa."

"Nata hisabin daban, ɗan nan. Ita ba ta yi wa kowa alkawari ba."

Maganar ta kai gaban sarkin aiki, wani dattijo mai furfura da garin dutse ya ƙara wa fari. Ya saurari kowa, ya yanke cewa a bar ɗakin har 'ya'yan su fita da kansu, sannan Kimji ya wanke wurin ya ƙarasa. Ya ce ai akwai sauran wata biyu, fuska kuwa aikin yini ɗaya ce ga mai hannu irin nasa. Iya Hulasi ta ƙara da cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kimji ya ce shi sassaƙa dutse aka kira shi yi, ba girki ba. Masu aiki suka yi dariya, shi bai yi ba.

Abin da bai faɗa musu ba shi ne tsoron da ke cinsa. Ya lura tun kwanan baya cewa in ya rufe ido, fuskar Kesar ba ta zuwa da sauri kamar da. Sai ya kira ta, ya jira, sannan ta zo. A wancan zamanin ba hoto, in fuska ta fita daga kan mutum ta tafi ke nan.

Sai ya shiga zana ta da gawayi a kan daɓen gindin ginshiƙin kowace safiya, don hannunsa ya riƙe abin da kansa ke saki. Iya Hulasi in ta zo shara sai ta kewaye zanen, ba ta taɓa shi. Wata rana ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta tambaye shi mata nawa ya aura. Ya ce ɗaya. Ta ce to ta Litinin da ta yau ba mutum ɗaya ba ne. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma Kimji ya ji kamar an soke shi. Ya duba, ya ga gaskiyarta. Wushiryar tana nan, girar tana nan, amma sun ƙi haɗuwa su zama Kesar.

Zanzaro kuwa ba ruwanta. Ta gama ɗaki na uku ta ƙara na huɗu, ta ƙara na biyar, har lakar ta rufe wurin fuskar kaf.

Ana saura kwana ashirin, Kimji ya yanke shawara. Ya zo tun kafin tsohuwar ta iso, ya hau tsani da ƙarfe a hannu. Bugu ɗaya ya isa, ba mai gani, ya ce iska ce ta kayar. Ya kafa bakin ƙarfen a gefen lakar. Don ya daidaita hannu sai ya matso da kansa, kunnensa ya kusa taɓa ɗakin. Nan ya ji wani ɗan motsi a ciki, siriri, kamar ana shafa busasshen ganye da farce.

Kesar da ciki wata bakwai ta rasu. Akwai yammar da ta kama kunnensa ta ɗora a cikinta, ta ce ya ji ɗansa yana sassaƙa tun bai fito ba.

Iya Hulasi ta same shi zaune a matakin tsani na ƙasa, ƙarfen a ƙasa, ɗakin zanzaro yana nan lafiya. Ta dubi sama, ta dube shi. Ta kama shararta. Da rana ta dawo da waina biyu a ganye ta ajiye kusa da shi, ta ce ta yi yawa ne, kada ya ɗauka don shi ta soya. Daga ranar kullum sai ta yi yawa.

'Ya'yan zanzaro suka fara huda ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya. Kimji da tsohuwar suna ƙirga ramukan tare, tana zagin na ƙarshen wai malalaci ne, ya gado masassaƙa. Bai fito ba sai ana gobe buɗe ɗakin. Ya tsaya a bakin raminsa ya shanya fukafukai a rana, ya tashi ya bi ta tsakanin ginshiƙai ya fita.

Kimji ya hau ya ɓamɓare busasshiyar lakar da yatsa, ya wanke wurin da ruwa. Jan lakar ya riga ya shiga jikin dutsen, ya ƙi fita. Ya ɗauki ƙarfe da guduma, ya rufe ido, ya kira Kesar. Ya jira. Ya ji muryarta, ya ji ƙarar mundayenta, har ƙanshin man da take shafawa a gashi ya ji. Fuskar ba ta zo ba.

Rana ta yi tsaka yana nan a tsaye bai yi bugu ɗaya ba. Sarkin aiki ya zo ya ce lokaci ya ƙure, ya dubi fuskar mai rawar da ke ginshiƙin kusa ya kwaikwaya, ba wanda zai gane. Ya ce ba a taɓa buɗe ɗakin ibada da aikin da ba a gama ba, in Kimji ba zai iya ba zai sa wani ya hau.

Kimji ya ce, "Baba, in na sa mata fuskar wata, na rasa ta sau biyu ke nan."

Sarkin aiki ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Iya Hulasi ta ja shi da hannun riga, ta kai shi baya taku bakwai, inda mai shigowa zai fara hango ginshiƙin. Ta ce ya duba da kyau kafin ya yi magana. Ta ce ita ba ta taɓa ganin Kesar ba, amma tun da aka wanke lakar nan take ganin 'yarta Lila da ta rasu shekara talatin da suka wuce, haka take tsayawa in ta dawo daga rijiya.

Dattijon ya ɗaga kai. Hasken rana ya faɗo ta tsakanin ginshiƙai ya sauka a kan jan wurin nan, ya yi kamar fatar mutum mai rai. Ya daɗe yana kallo. Ba wanda ya san wa ya gani, don bai faɗa ba. Ya dai share ido da gefen rawaninsa, ya ce garin dutse ne ya shigar masa, sannan ya ce a ɗauke tsanin, aikin ya gamu.

Kafin a ɗauke, Kimji ya shafi wurin da tafin hannunsa sau ɗaya, ya sauko.

Shi ya sa har yau mai tulun nan ba ta da fuska, kuma ita kaɗai ce ja a cikin farin dutse. Masu zuwa kallo suna wuce giwaye da makaɗa da sauri, amma in ka ga mutum ya ja baya taku bakwai ya tsaya shiru a gabanta, to ba a tambayarsa, an san ya yi rashi. Duk damina kuma zanzaro na dawowa ta yi gini a ƙarƙashin tulun, masu shara suna kewaye ta.

Ni ma na ja baya na tsaya, Lantana. Kwana tara ne kacal da rasuwarki a lokacin, amma sai da na kira ki na jira kafin fuskarki ta zo. Ban faɗa wa Inna ba, ban faɗa wa kowa ba tukuna.