Kura da Tasha ta Goma Sha Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso!

Kura ce ta sayi akwatin wayfai na shiga intanet, amma kullum bidiyo sai ya yi ta tsayawa. Ta mari akwatin, ta gartsa masa cizo, duk a banza. Sai ta nufi gidan Dila tana huci.

"Malam, abin nan zai kashe ni!"

Dila ya ce, "Duk unguwar nan akwatunanku a tasha ta shida suke cunkushe, shi ya sa yake tsayawa. Koma ta goma sha ɗaya, ki kama bakinki."

Ta mayar da akwatinta tasha ta goma sha ɗaya, abu ya tafi sumul. Amma ina Kura ina shiru? Ta bi gida-gida tana fariya. Kafin la'asar kowa ya koma can, bidiyo ya sake tsayawa.

Ta dawo a fusace. "Malam, naka fa?"

Ya ce, "Ina tasha ta shida, ni kaɗai."

Ƙurunƙus kan kusu! Ba don bakin Kura ba, da yanzu tana kallon bidiyonta.