Hanjin Iya Tabawa

Gwaggo Asabe, tsohuwar nas, ita ta ba mu wannan labarin muna tsinkar zogale. Ta ce wadda ba ta yanke hukunci ba, ba ta cin kwaɗo.

Iya Tabawa mai waina ta fara ganin jini in ta zaga. A asibiti aka zura mata siririn tiyo mai kyamara ta dubura don a leƙa hanjinta. Ta sha zafi, kuma ba a ga komai ba sai tuwon jiya. Ta rantse: "Ni da tiyon nan, sai a lahira!" Ciwo kuwa yana ciki yana girma. Wasu ƙawaye uku masu bincike kan gyara wannan aiki suka ce ba su yarda ba.

Dakta Nusaiba ta shekara biyu tana gwada buɗe hanji da ruwan ɗumi maimakon iskar da ke kumbura ciki. Ta bi Iya har bakin tanda. "Iya, ki dawo. In kin ji zafi, ki mare ni." Ranar aiki Iya ta gyara hannu tana jira. Har aka gama ba ta sami dalili ba.

Sista Ladidi kuwa ita ta gano abin da ke hana hanjin mutanenmu wankuwa duk da maganin wankin ciki da ake sha kafin a zura tiyo: 'yan dubiya! An ce kada a ci, amma wa zai mayar da kwanon maƙwabciya? Jajibirin aikin ta dasa kujera a zauren Iya, tana tare duk mai shigowa da kwano. "Sannu Hajiya, Allah ya ba da lada, miƙo nan." Iya daga ɗaki: "'Yar nan, ko romon!" "Ko ƙamshin, Iya." Hanji ya wanku tas.

Dakta Shamsiyya agogo take riƙewa. Bincikenta a kan illar gaggawar zaro kyamara ne. "Sai an yi minti takwas ana dubawa, ko layi ya kai titi." A minti na bakwai ta ce wa mai zaro tiyon, "Dakata!" Can bayan wata lanƙwasa, ga tsiro kamar ƙwayar wake. Aka cire. Gwaji ya nuna saura kaɗan ya zama ciwon daji.

Iya ta koma kan tandarta. Sai ga shi an haifa mata jika mace, ta ce sunan wadda ta cece ta za a raɗa. Ba don ta farko ba, da ba ta dawo ba. Ba don ta biyu ba, da ba a ga hanya ba. Ba don ta uku ba, da an wuce tsiron.

Jibi suna, liman yana jira. To, sunan wa za a raɗa wa jaririyar?