Fiffiken da Ya Ƙi Bin Hannu

Akwai wani mutum mai koya wa matasa tuƙin jirgin sama. Jiragensa ƙanana ne, masu kujera biyu da farfela ɗaya a hanci. Yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Kafin jirgi ya bar ƙasa, dole ɗalibi ya murɗa sitiyari, ya juya wuyansa ya dubi fiffike da idonsa. Gama a bayan kowane fiffike akwai wani ɗan fallen ƙarfe mai motsi, shi ke karkata jirgi a sama. In an murɗa dama, fallen dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Mutumin yakan ce, "Hannu ba shi da ido. Ku duba."

Cikin ɗalibansa akwai wata yarinya mai suna Keziya, 'yar wata gwauruwa. Ranar da za ta tashi ita kaɗai karo na fari, danginta suka cika mota suka zo kallo. Kawunta Ayuba ne a gaba, ya riga ya cika gari da labari.

Keziya ta ja jirgin har bakin titin tashi. Ta murɗa sitiyari dama, ya tafi sumul a hannunta. Ta juya ta duba, sai ga fallen hagu ya ɗaga, na dama ya sauka. Ta sāke, haka ya sāke yi. Zuciyarta ta ce mata, "Ai yana motsi. Ga mutanenki suna kallo, ki tafi kawai." Amma ta juya jirgin, ta komo da shi inda ta ɗauko shi, ta kashe inji, ta sauko.

Kawunta ya ɗaga murya ya ce, "Keziya! Mun bar gona tun da sassafe don mu ga kina yawo a ƙasa kamar mai tura baro? Ai ko agwagwa takan ɗan taɓuka!"

Mutane suka kwashe da dariya. Uwarta ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yarinyar ta ce, "Kawu, fiffiken ba ya bin hannuna."

Malamin ya zo, ya murɗa sitiyarin, ya duba, ya kira makaniki. Da aka buɗe cikin jirgin, ashe an sauya wayoyin ƙarfen da ke jan fallayen nan jiya, aka haɗa su a juye. Sai malamin ya je gaban uwar ya ce, "Mama, buɗe fuskarki. Da 'yarki ta tashi, iska ta ɗan karkata ta hagu, za ta murɗa dama don ta gyara, jirgin kuwa ya ƙara kifewa hagu. Ba za ta wuce itatuwan can ba. Na koya wa mutane da yawa tashi. Wanda zai sauko ana yi masa dariya, irinsa ne ban samu da yawa ba."

Da rana ta yi tsaka ya ba ta wani jirgi. Ta murɗa, ta juya wuya ta duba a gaban kowa, ba gaggawa. Sa'an nan ta tashi, ta kewaya sau uku, ta sauka lafiya. Uwarta ta rangaɗa guɗa. Kawun ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ma'anar wannan misali ita ce, sitiyarin nan shi ne bakinku, fiffiken kuwa aikinku. Akwai yaran da bakinsu ke zuwa dama ran Lahadi, suna waƙa har jijiyar wuya ta fito, ran Litinin aikinsu ya nufi hagu. Suna cewa, "Ai ina motsi, ina zuwa sujada." Motsi ba shi ne biyayya ba. Malamin nan Ubangiji ne, dokarsa kuwa ita ce ka dubi kanka tun kana ƙasa, tun akwai wurin juyawa. A sama ba a gyara.

Kawun nan kuma kun san shi. Shi ne abokin da ke ce maka matsoraci don ka ƙi bin su, shi ne dariyar 'yan aji. Dariya ba ta taɓa binne kowa ba, na daɗe a duniya ban gani ba. Jin kunyar juyowa kuwa ya binne da yawa.

Irin Keziya nake so a ce ikilisiyar nan ta haifa, 'yar da uwa za ta ɗaga kai a kasuwa saboda ita. Saboda haka gobe da safe, kafin ƙafarka ta tsallake ƙofar gida, ka juya wuyanka ka duba. In aikinka ba ya bin bakinka, ka kashe inji ka sauko, ko da garin duka yana kallo.