Langar Tsoho Zalɓe

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso mu ji.

Tsoho Zalɓe ya yi tashe a wasan langa, amma yanzu tsalle biyu sai ya faɗi. Cikin 'yan ƙungiyarsu, Zakara ne ya yi magana, ko Zabo? Zabo dai, ya ce, "Baba, gobe ka zauna a inuwa. Kai kake ja mana kaye."

"Haba ɗan nan, ku bar ni gobe kawai."

Da suka kara da Agwagi, Zalɓe ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai barci ya kwashe shi a tsaye. Agwagi suka yi ta bangazarsa har duk suka zube.

Zabo ya ce, "Baba, gurbinka naka ne!"

Zalɓe ya buɗe ido. "An fara ne?"

Ƙurunƙus, na sauke ta a kan kusu.