Geron Kurciya da Shari'ar Tsakiyar Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Mijin Kurciya ya tafi ci-rani ƙetaren kogi, yana ajiye geronsa a rumbun Ɓera da ke can. Sai ya aiko mata ganye mai zanen farcensa, ta karɓi tiya biyu a rumbun Kurege da ke nan gida, Ɓera zai turo masa madadinsu. Ta rungume ganyen, ga 'ya'yanta kwana biyu ba su ci ba.

Da ta kai masa ganyen, Kurege ya ce, "Uwar 'yan biyu, ai Ɓera bai turo madadin ba."

Ɓera ya aiko cewa ya turo, kwalekwalen da ya ɗauko geron ne ya kife a tsakiyar kogi.

Kurciya ta kai ƙara, Alƙali Dila ya ce, "Hurumina ya tsaya a gaɓa." Alƙalin ƙetare ma haka ya ce. Kurciya na ta kai-komo, ga ƙaramin ɗanta ya daina ko kuka don yunwa.

Sai ta roƙi Kwaɗo, ɗan ruwa ɗan tudu, ya raba gardamar. Ya tara Kurege da Ɓera ya ce, "Kun yarda da abin da zan yanke?" Suka ce sun yarda.

"To, kowa ya auna mata tiya guda yanzu. Sauran rigimar mu yi ta har kaka, ai ku ba yunwa kuke ji ba."

Ƙurunƙus kan ɗan kwaɗo, ba don Gizo ba da na shirga muku ƙarya.