Dillalin da Ya Ƙone Gari da Waya

Ya 'yan uwa, na ga fuskokinku yau a sake, damina ta yi kyau, gero ya shigo gida. Alhamdu lillahi. Ku matso in ba ku labari kafin a kira magariba.

An yi wani mutum a garin nan namu na Potiskum, dillali ne a Kasuwar Shanu. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya. Mutum ne mai fara'a da barkwanci. Yana jin Fulatanci, yana jin Barbarci, yana taɓa Karekare da Bolanci. In ya tsaya tsakanin mai saniya da mai saye, sai kowa ya tafi yana dariya. Allah ya ba shi baki, kuma da bakin yake ci.

Sai ya sayi babbar waya. Kun san halin da duniya take ciki yanzu: wannan ƙasa tana harba wa waccan makami, waccan tana barazana da abin da ya fi shi, can an rufe iyaka, can an kori mutane daga gidajensu. Duk wannan yana zuwa cikin tafin hannunka. Mutumin nan ya shiga guruf-guruf na mutanen da bai taɓa gani ba, wasunsu ma ba a ƙasar nan suke ba. Kullum da safe a wurin mai shayi shi ne mai ba da labarin duniya. Mutane suka fara zagaye shi, shi kuma abin ya yi masa daɗi.

Daga nan ya lura cewa labarin nesa ba ya riƙe mutane kamar na kusa. In ya ce an yi faɗa a wata ƙasa, sai a ce Allah ya kyauta, a ci gaba da shan shayi. In ya ce an ga baƙin fuska a bayan gari, sai kofuna su tsaya. Ya fara ƙari kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya kama shi. Me zai hana ya ƙara?

Wata Laraba, ranar kasuwa, aka turo masa bidiyo daga wata ƙasa mai nisa da ake yaƙi. Bukkoki na ci da wuta, mata na gudu da yara. A ƙasan hoton akwai rubutu da harshen da ba namu ba. Ya gani, ya san ba nan ba ne. Ya yanke rubutun, ya ɗora muryarsa a kai, ya ce makiyaya sun ƙone Garin Bunu da safen nan. Ya tura.

Garin Bunu ƙauyen manoma ne, ba shi da nisa da mu. Akwai wani manomi a can, Abatcha, wanda matarsa Fanna ta haihu, ranar nan kuma ake suna. Akwai wani makiyayi, Bobbo, da rugarsa take gefen gonakin garin tun zamanin iyayensu. Kowace Laraba Bobbo yana kasuwa, amma ranar ba a gan shi ba. Dillalin ya san bai zo ba, sai ya ƙara tura wani saƙon: “Ku duba kara, ina Bobbo yau?”

Ya 'yan uwa, kafin azahar kasuwa ta rikice. Masu rumfa suka fara ja da ƙofa. Makiyaya suka koma gefe guda da sandunansu, ba su san laifin da suka yi ba. Shanu suka firgita. Wani bijimi ya tsinke ya take wani dattijo mai sayar da igiya, ya karya masa ƙafa. Shi kuwa dillalin yana tsaye, mutane sun yanyame shi suna tambaya, yana ƙara bayani.

Fanna tana da wa, Safiyanu, mahauci ne a Dogo Tebo. Ya yi niyyar zuwa sunan da yamma in ya tashi daga aiki. Ya kira wayar Abatcha, ba ta shiga. Ya sake kira, ba ta shiga. Ku sa kanku a matsayinsa: ƙanwarka da jaririyar kwana bakwai. Ya ɗauki wuƙarsa, abokan sana'arsa suka bi shi, aka cika keke napep biyar da adduna da gora.

Da suka doshi garin, suka hango hayaƙi yana tashi. Safiyanu ya diro tun keken bai tsaya ba, ya ruga da gudu.

Hayaƙin tukwane ne. Mata na tuƙa tuwo, ana soya nama, maroƙi na ta aikinsa. A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, manoma da makiyaya zaune kafaɗa da kafaɗa. Bobbo na tsakiya yana raba goro da dabino. Shi ya kawo ragon suna, shi ya sa bai je kasuwa ba.

Abatcha ya ɗago ya ga surukinsa yana haki da wuƙa a hannu. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai ka makara, an riga an feɗe ragon.”

Safiyanu ya kasa magana. Wuƙar ta faɗi. Ya ce, “Ina Fanna?” Aka ce tana ɗaki, ana yi mata lalle. Ya shiga ya gan ta da 'yarta a cinya, an sa mata suna Muhsina. Ƙaton mutum ya durƙusa yana kuka yana dariya, Fanna na tambayarsa, “Yaya, lafiya?”

Da ya fito ya nuna musu bidiyon. Bobbo ya kalla har ƙarshe, ya miƙa wayar ya ce, “Ni dai tun da nake kiwo ban taɓa ganin irin bishiyoyin nan ba. Waɗannan bayin Allah na wata ƙasa ne, Allah ya kawo musu sauƙi.” Sai ya tambaya, “Mutanena da ke kasuwa fa?”

Nan aka tuna. Ba a tsaya cin tuwo ba. Bobbo da Abatcha suka shiga keke ɗaya, sauran suka bi su, aka bar addunan a zaure. Da suka iso kara, suka hau bayan wata tirela hannu cikin hannu. Abatcha ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, gidana ƙalau. 'Ya na samu, ga wanda ya ba ni rago.”

Ina wurin, da idona na gani. Mutanen da suke harare-harare ɗazu suka rungume juna. Aka buɗe rumfuna, aka kamo shanu, aka kai dattijon asibiti. Da yamma kuwa rabin kasuwa ta tafi Garin Bunu. Tuwo ya ƙare aka sake ɗora tukunya, matan ruga suka kawo ƙoren nono, aka yi ta ci har rana ta faɗi. Tsofaffin garin sun ce ba su taɓa ganin suna mai jama'a irin wannan ba.

To, dillalin fa? Bai sha wahalar ganowa ba, muryarsa ce a cikin kowace waya. Jami'an tsaro suka tafi da shi washegari. Ya ce wasa yake yi. Aka kai shi gaban dattijon da ƙafarsa ke ɗaure, aka ce ya maimaita. Ya sunkuyar da kai.

Ya yi watanni a tsare. Da ya fito ya koma kara da fara'arsa ta da. Amma dillali da me yake aiki in ba amana ba? In ya ce saniya lafiyayya ce, sai mai saye ya nemi wani ya duba. Makiyaya suka daina ba shi igiyar dabbarsu. Matarsa ta gaji da nunin da ake yi mata a gidan biki, ta kwashe yara ta koma gidansu. Ya sayar da gidansa na Yerimaram ya bar gari. Wani direba ya ce ya gan shi a kudu yana wanke tirelar shanu, ya gaishe shi, ya juya baya kamar bai ji ba.

Ya 'yan uwa, muna jin manyan ƙasashe na wasa da wuta, muna cewa mu ina ruwanmu, mu talakawa ne. Amma wutar can da waya take isowa nan, kuma ba ta shiga gari sai ɗan gari ya buɗe mata. Mu a Potiskum mun san rashin zaman lafiya, ba labari aka ba mu ba. Mun san ranar da uba zai fita kasuwa iyali ba su da tabbacin dawowarsa. Allah ya fitar da mu. Yanzu kuma da yatsanmu za mu koma?

Addininmu ya ce mu bincika labari kafin mu ɗauka. Wanda ya ƙirƙira yana da zunubi, wanda ya tura bai bincika ba shi ma ya ɗauki rabonsa. Da keken Safiyanu ya haɗu da wani makiyayi a hanya kafin ya isa garin, yau da wane labari nake ba ku? In saƙo ya zo maka yana tafasa maka zuciya, ajiye wayar, ka nemi wanda ya gani da ido.

Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu. Allah ya kashe wutar da ke ci a ƙasashen duniya, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu. Shi ma bawan nan, Allah ya sa ya tuba ya karɓa. Allah ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya, ya kiyaye mu da zuriyarmu. Amin. Ku tashi mu yi alwala.