Ƙwan Zabuwa a Akurkin Maƙwabci

Salama gare ku, 'yan'uwa iyaye da malaman makarantar Lahadi. Wannan watan ni aka ba aikin rubuta misalin da za a karanta a ajin manya. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Aikin kuma ya same ni da nauyi a zuciya. Yau kwana tara ke nan wata takarda tana cikin jakar da nake zuwa sujada da ita, na kasa sa mata hannu, na kuma kasa mayar da ita.

'Yata Keziya, mai shekara goma sha shida, ta ci wata jarrabawa a makarantarsu. Za a kai ta Amurka ta yi shekara guda tana karatun sakandare, ta zauna a gidan wasu mutane kamar 'yarsu, sannan ta dawo ta ƙarasa a nan. Abin da ya rage kawai sa hannun uba da na uwa, kafin ranar Juma'a. Babanta ya sa nasa tun ranar da takardar ta zo, a tsaye ma, bai ko nemi kujera ba.

An aiko da hoton mutanen gidan. Mata da miji ne masu fara'a, da wani ƙaton kare zaune a tsakiyarsu kamar shi ne maigidan. Matar ta yi rubutu a bayan hoton, Keziya ta fassara mini. Wai ɗakinta a shirye yake, kuma in ta so ta riƙa kiranta Mama.

Na ce, "Mama kuma? To ni fa?"

Babanta ya fashe da dariya. "Haba Maman Keziya, shekara ɗaya ce fa. Ke karen bai dame ki ba, sai suna?"

Na ce, "Karen ma zan zo kansa."

A kan biyayya aka ce in rubuta. Na zauna sau uku, wannan misalin ne ya yi ta fitowa.

Akwai wani mutum manomi, yana da zabuwa guda ɗaya. Da damina ta sauka, zabuwar ta fara saka ƙwai a cikin ciyawa bayan rumbu. Mutumin ya gano wurin, ya riƙa ɗiban ƙwan da ludayi don kada ta ji warin hannunsa ta sake wuri, har ya tara goma sha biyu. Ya san halin zabuwa. In ta ƙyanƙyashe da kanta, takan ja 'ya'yan cikin raɓar safiya, sanyi ya kashe su. Kaza ce ta iya renonsu. Amma a lokacin nan babu mai kwanci a cikin kajinsa.

Sai maƙwabcinsa ya ce masa, "Kazata ta fara kwanci jiya. Kawo ƙwanka in sa mata. In sun yi ƙwari, zan mayar maka da abinka."

Manomin ya ce a ransa, "In suka buɗe ido suka ga kazarsa, suka ci garar gidansa, suka saba da muryarsa, ai sun zama nasa." Saboda haka ya kai shida kawai. Sauran shidan ya sa su a ƙwarya, ya lulluɓe da auduga, ya ajiye a ɗakinsa, yana jira sai tasa kazar ta yi kwanci. Kowace safiya yakan buɗe ƙwaryar ya duba, ya ga suna nan sumul, hankalinsa ya kwanta.

Kazarsa ba ta yi kwanci ba sai bayan wata biyu. Ya sa mata ƙwan, ta kwanta a kai har kwana talatin, ko ɗaya bai fashe ba. Duk sun zama baragurbi, ya kwashe ya zubar a juji yana toshe hanci.

Na gidan maƙwabci kuwa, biyar suka fito. Da kaka ta yi, maƙwabcin ya zo da su a kwando, sun yi gashi, sun yi kyau, ya ce, "Ga amanarka." Manomin ya yi murna ƙwarai, ya watsa musu gero. Suka ci, suka wuni a tsakar gidansa. Amma da rana ta yi sanyi, sai suka tashi fir, suka tsallake danga, suka hau tsamiyar gidan maƙwabci inda suka saba kwana. Kashegari da safe suka dawo. Da yamma suka sake tafiya.

Ran mutumin ya ɓaci. Ya ce, "Abin da na ji tsoro ke nan." Ya kama ɗaya, ya danne ta, zai fige gashin fiffikenta don kada ta ƙara tashi. Matarsa ta ce, "Maigida, dakata. Saurari kukansu. Kukan kaza ne?"

Ya ce, "A'a, na zabi ne."

Ta ce, "To naka ne. Waɗanda ka riƙe a ƙwarya, su a ina suke kwana?"

Mutumin ya buɗe hannunsa, ya sake ta.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin mu ne, iyaye. Ƙwan nan 'ya'yanmu ne da baiwar da Ubangiji ya sa a cikinsu. Baiwa tana da lokacinta, ba ta jiran sai kazarka ta yi kwanci. Wani lokaci ɗumin da yaro yake bukata ba a gidanka yake ba, yana gidan wani, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Ƙwaryar ita ce tsoronmu. Daga waje tsoro yakan yi kama da ƙauna, domin shi ma yana lulluɓewa, yana dubawa kowace safiya. Amma abin da yake ciki yana mutuwa, kai kana ganinsa sumul.

Tsamiyar maƙwabci kuma, ba zan ɓoye muku ba, ita ce wurin da misalin yake da ɗaci. Wanda ka ba da shi zai dawo da rai, kukansa na gidanku ne, amma ba zai dawo naka kai kaɗai ba. Zai zama yana da wani wuri da zuciyarsa take zuwa da yamma. Uban da ya ce sai ya fige wannan, zai sami yaronsa a gida kullum, amma gurgu.

Kada ku ɗauka a kan tafiya Amurka kawai abin yake. Wanda ɗansa ya sami makarantar kwana a Jos, da wadda 'yarta take son koyon ɗinki a wurin wata a Kaduna, duk maganar ɗaya ce.

To, na rubuta ma'anar da hannuna, na kuma yarda da ita. Amma ga abin da ya hana ni sa hannu. Ni kaina 'yar riƙo ce. Ina shekara bakwai aka ba da ni ga Goggo Lantana, ƙanwar babana, a Zariya. Ba ta taɓa cutar da ni ba, ita ta sa ni a makaranta, kuma cikin 'ya'yan mahaifiyata mata huɗu ni kaɗai na iya karatu. Bayan shekara takwas na dawo gida. Ranar da na iso, Inna ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta tsuguna a gefe, ta tambaye ni, "Ko kina cin daddawa a miya?" Uwar da ta haife ni. Ni ma na amsa mata kaina a ƙasa, kamar ina gaban suruka. Har Allah ya ɗauke ta, ban taɓa shiga ɗakinta ba tare da sallama ba. In abu ya dame ni, Zariya nake aikawa.

Na faɗa wa Baban Keziya wannan. Ya ce, "Taki shekara takwas ce, kina 'yar mitsitsiya, babu waya. Wannan ta riga ta san miyarki, har tana kushe ta." Gaskiya ya faɗa. Amma ni na san yadda uwa take zama baƙuwa, ba da faɗa ba, ba da laifin kowa ba.

Shekaranjiya muna gyaran wake, Keziya ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Mama, in ba ki so, ba zan tafi ba. Zan ce wa malaminmu ni ce na fasa, ba zan ce ke ce ba." Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Na ga hawaye ya ɗiga a cikin tire, ta yi maza ta tura wake a kai.

Da ta yi mini rashin kunya, da abin ya zo mini da sauƙi.

'Yan'uwa, Juma'a saura kwana biyar. In na sa hannu, wata mace da ban taɓa jin muryarta ba ita za ta san ranar da 'yata ta yi zazzaɓi, ni sai dai a ba ni labari. In na ƙi, za ta zauna kusa da ni, ta yi mini biyayya, kuma duk ranar da ta dube ni zan san abin da na hana ta. Na yi addu'a, amsar da nake ji ita ce wadda na rubuta muku, amma hannuna bai bi ba tukuna. Ku da kuka taɓa sallamar ɗa zuwa nesa, da ku da aka taɓa ba da ku, ku same ni bayan sujada ku gaya mini gaskiya, ba wa'azi ba. In ku ne, me za ku yi?